Benen Zauren Tsofaffi

Kogi ya riga ya yaga ƙofofin takarda na zauren tsofaffi lokacin da muka ɓalle benen da kakanninmu suka gina, wanda ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Ƙaraminmu ya haura saba'in. Muka hau da rarrafe, ruwa yana lasar dugaduganmu.

Cikin duhu hannun ƙanwata ya faɗa kan wani dogon katako mai rami. Ta ƙwalla ƙara.

"Yaya, akwatin gawa ne! Mun kawo kanmu!"

"Rufe mana baki," na ce.

Wani tsohon masunci da ke bayanmu ya shafa katakon. Sai ya lalubi bango, ya ce:

"Kwale-kwale ne. Ga taga daidai faɗinsa. Ashe kakanninmu sun san ruwan zai dawo."