Wayar da Ta Shige Bango

"Mama, wannan wayar ina ta nufa?" in ji jami'in duba aikin lantarki, yana haska bayan mita da tocila.

Ina zan sani? Marigayi maigidana ne ya ja wa gidan nan wuta da hannunsa, ni kunnawa kawai na iya. Yanzu mai sayen gidan ya kafe sai ya ga takardar shaidar cewa aikin ya bi ƙa'ida.

Muka bi ɗakuna. Kowane ƙwai da kowace fanka ya gano wayarsu, amma wannan ta shige bango ta ɓace.

"Ba zan sa hannu ba sai na san inda ta ƙare," ya ce, ya zare ta.

Babu abin da ya mutu a gidan, firij na ta gurnaninsa. Sai keken ɗinki mai aiki da lantarki da ke bayan katangarmu ya tsaya cak.

"In yanke ta?"

Keken nan a shagon ƙanen maigidana yake. Shekara da shekaru da suka wuce, maigidana ya rantse ba zai ƙara yi masa magana ba, kuma har ya rasu bai yi ba.