Ruwan Baƙar Randa

Kai da kake yanke wa abu hukunci tun a kurɓin farko, zauna ka ji abin da ya sami wani matafiyi. A shekarar wata yunwa aka ba da shi ga fatake yana ɗan ƙanƙani, ya tashi a wata ƙasa bai san sunan garinsu ba, bai riƙe ko fuskar uwarsa ba. Abin da ya rage masa kaɗai shi ne ɗanɗanon wani ruwa da ya kasa kwatanta wa kowa. Da furfura ta fara leƙo masa, sai ya shiga duniya neman danginsa, yau nan gobe can, har ya fid da rai ya juya. A hanyar komawa ƙishirwa ta tsayar da shi a ƙofar wata tsohuwa maginiyar tukwane. Ta ɗebo masa ruwa a moɗa daga wata baƙar randa da ake turarawa da saiwar jema da kajiji tun zamanin kakarta. Yana kurɓa, hayaƙi ya doke shi har hanci, ga ɗaci kamar an wanke murhu an ba shi. Ya so ya tofar, amma tsohuwa ta kafe shi da ido, kunya ta hana shi. Ya so ya haɗiye, maƙogwaro ya ƙi. Dole ya bar ruwan a baki, kuma haƙurin dole ma ai haƙuri ne.

Ikon Allah, sai hayaƙin ya fara janyewa. Ƙamshin ƙasar da ruwan farkon damina ya daka ya biyo baya, sai sanyin yumɓu, sai ɗan gishiri-gishiri irin na kanwa. Can ƙarshe wani siririn zaƙi ya ɓullo, ya ƙi barin harshensa ko bayan ya haɗiye. Ya tsaya riƙe da moɗa yana al'ajabin yadda ƙasa da wuta da shekaru suka taru cikin kurɓi guda, hawaye na bin gemunsa, domin wannan zaƙin yake nema tun yana yaro. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, baƙi hayaƙin kawai suke ji su ajiye moɗa. Wanda zaƙin ya sa kuka, a gindin randar nan aka yaye shi. Juyo in ga bayan kunnenka." Ta ga tabon da ta sani, ta saki salati, ta riƙe ƙanenta da aka tafi da shi tana budurwa. Da ya tofar da ruwan nan, da ya yi godiya ya wuce ƙofar gidan ubansa bai sani ba har abada. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.