Ɗalibar da ta san madubi a kan allo kawai

Malam, tunda 'yarka ta samu gurbin jami'a a ƙasar waje, zauna in ba ka misalin da za ka yi mata guzuri da shi.

An yi wata yarinya mai kai kamar reza, wadda tun daga firamare ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba. Aka ba ta tallafin karatu ta haye teku don koyon likitanci, gari ya yi ta guɗa. To, makarantarsu ta gida ba ta da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Malami ne ke zana shi da alli, su kwafa, su haddace sunan kowane sashe nasa. Ranar farko a ɗakin gwaji aka ajiye wa kowa nasa, 'ya'yan ƙasar suka kama murɗawa kamar masu neman tasha a rediyo. Ita ta kafa ido, ba ta ga komai ba sai duhu. Malamar ajin, wata dattijuwa mai furfura, ta zo wucewa ta tambaye ta ko komai lafiya. Ita kuwa an tashe ta a kan cewa ɗalibi ba ya sa babba maimaita magana, ga kuma kunyar a ce zakaran gwajin dafi bai iya kunna abu ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Ta ɗauki fensir ta zana abin da ta haddace a littafi, zane mai kyau kamar a rataye a bango. Haka ta yi mako shida, abin na cin ta a rai, fuska na murmushi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana malamar ta sauya abin da ke ƙarƙashin madubi, yarinya ta zano na littafi tsaf. Aka kira ta ofis, aka ce in ta faɗi gwaji na gaba tallafi ya tafi, sai jirgin gida. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ta tuna matan unguwa da suka raka ta tasha. Nan ta haɗiye girman kai ta ce, “Malama, wallahi ban taɓa taɓa wannan abu ba sai da na zo nan. Duhu kawai nake gani.” Ta tsaya jiran dariya. Dattijuwar ta ja ta zuwa ɗakin gwaji, ta kama yatsanta ta ɗora a kan wani ɗan maɓalli a gindin madubin. Haske ya kawo. Yarinya ta leƙa, ta ga halittu suna ta iyo a cikin ɗigon ruwa guda, ta yi salati da ƙarfi, hawaye na zuba. Abin da ya hana ta barcin kirki mako shida bai ɗauki minti ɗaya ba. Daga ranar ta zama mai tambaya har ta kusa gundurar malamar, ta kuma ci gwajinta da hannunta da idonta.

Ka gaya wa taka, ba a kira ta can don ta nuna ta sani ba, an kira ta ne don a sanar da ita. Ta buɗe baki tun ranar farko. Hausawa sun gama magana da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.