Cindon Hannun Hagu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai suranta bayi a cikin mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa.

Bayan haka, jikata da ke lise, wato sakandare, a Maraɗi ta ce mushensu, malaminsu ke nan, yana koya musu yadda kamanni ke bin jini, har ya tsallake ɗa ya sauka kan jika. Na daɗe ina karantar da rabon gado, amma irin wannan gadon a garinmu Tsibiri na fara sanin sa, wata la'asar.

An haife ni da cindo a hannun hagu. Ran nan wani yaro ya ce mini a gaban abokai: "Babanka yatsa biyar gare shi, innarka biyar. Kai a kasuwa aka tsinto ka." Na ruga wurin kakata, mahaifiyar babana, tana surfe, na roƙe ta ta yanke mini shi.

Ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zane, ta miƙo mini gefen tafinta. Akwai ɗan tabo kamar ƙwayar gero.

"Taɓa nan, maigidana. Nawa da zare aka ɗaure shi ina jaririya, ya faɗi. Naka ni na hana a taɓa. Ubanka ne bai samu ba, shi za a tambaya inda aka tsinto shi."

Na koma wasa. Cindon yana nan har yau, ina wanke shi a kowace alwala, sau da yawa ita nake tunawa.

Allah Ya jiƙan ta, Ya albarkaci mai karatu da zuriyarsa, amin.