Faifan da Rana ta Lanƙwasa

Ranar Laraba Garba mai gyaran rediyo ya manta wani faifan garmaho a bakin taga. Ranar Jidda kuwa ba ta wasa. Kafin la'asar ya lanƙwashe kamar gurasa.

Tashin hankalin shi ne, faifan ba nasa ba ne. Na Abdulghaffar ne, wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka da ya zo hajji a 1964 ya ƙi komawa. A ƙasarsu shekara talatin ya yi yana rubuta waƙoƙi da kiɗansu, manyan mawaƙa suna rerawa. Duk ya baro su. Wannan kaɗai ya taho da shi: waƙar da ya rubuta wa matarsa, ta rera da bakinta wata bakwai kafin ta rasu. Babu irinsa ko'ina a duniya.

Da yake ba shi da garmaho, sai ya ba Garba ajiya. Duk Alhamis yakan zo shagon Garba a unguwar Bagdadiyya, ya zauna, ya dafa akwatin garmahon da tafin hannu har waƙar ta ƙare. Ba mai yawan hira ba ne. In ana masa magana sai ya ƙura wa bakin mutum ido, Garba ya ɗauka don Larabcinsa bai nuna ba ne.

Alhamis ta zo. Garba ya shirya faɗin gaskiya, amma da ya ga dattijon ya sa farar riga har da turare, sai ya fasa. Ya juya baya, ya ɗora faifan, ya rufe murfin.

Wallahi abin ba kyan ji. Muryar nan mai daɗi ta koma tana hawa tana sauka kamar kukan akuya. Garba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dattijon ya lumshe ido, hawaye na bin gemunsa. Da aka gama ya ce, "Alhamdu lillahi. Muryarta ba ta tsufa." Ya fita.

Wannan ya fi zagi ciwo. Garba ya biyo shi waje da kuka. "Ya Hajji, ka yafe mini, ni na lalata maka shi!"

Duk layin aka waiwayo, dattijon bai ko juyo ba.

Yahya mai shayi, maƙwabcin dattijon, ya riƙe hannun Garba. "Halas, ya isa, kar ka fasa maƙogwaronka. Mutumin nan tun kafin matarsa ta yi waƙar ya kurumce."