Haikalin Da Fari Ya Tono

"Iya, ba a wucewa nan," in ji ɗan sandan, ya gitta sandarsa. "Laka ce, nutsewa za ki yi."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. Da sassafe ta sulale daga gidan ɗanta a birni, ba ta sallami kowa ba. Bas biyu ta hau, ɗaya a tsaye, sannan amalanken shanu da ya kusa karya mata ƙugu. Shekara arba'in ke nan da madatsar ruwa ta haɗiye ƙauyensu. Bana fari ya janye ruwan, tsohon haikalinsu na dutse ya sake fitowa.

"Ki tsaya bayan igiya kamar sauran baƙi."

"Baƙi? Ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba nake shiga nan."

Ta tattare sarinta zuwa gwiwa, ta bi ta ƙarƙashin igiyar. Yana ta kira, ko waiwaye ba ta yi ba.

A bakin ƙofar haikalin ta kwance ƙunshinta. Ba furanni ta kawo ba, ba turare ba. Tsintsiya ce.

"Dubi yadda aka bar ka," ta ce, ta sunkuya ta kama shara kamar jiya ta bari.