Da Sauƙi

Tun da aka kafa dokar gwajin bakin mahaifa, na'urar da ke ƙofar asibiti ce ke raba mata kashi biyu. Mai koren kati, da burushi mai laushi ake ɗibar samfurinta, kuma da wuya ciwon daji ya kuɓuce masa. Mai farin kati kuwa da tsinken katako ake kankaro nata, shi kuma sau tari yakan wuce ciwon bai gani ba. Ba a sake gwada mace sai bayan shekara biyar.

Hansatu wata uku ke nan jini bai ɗauke mata ba. Da layi ya zo kanta, na'urar ta gaishe ta da murya mai daɗi: "Sannu Mama, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji ta, kamar yadda za ta amsa wa kowa.

Farin kati ya faɗo.

A ɗakin gwaji ta riƙe hannun nas ɗin da za ta gwada ta. "'Yar nan, gaisuwa ce fa na amsa. Wallahi ba sauƙi. Taimaka ki sa min burushin."

"Ke kika ce da sauƙi, Mama, ba ni ba. Na'urar ba ta san kara ba. Kwanta."

Katakon ya karce ta, ta cije leɓe. Ba a jima ba sakamako ya fito.

"Barka, lafiyarki ƙalau," nas ta ce, ta miƙo mata tsumma. "Goge jinin nan kafin ki fita, mai koren kati ce za ta hau gadon."